Abin da aikin LoRa kusa da ƙarfen sabis ya koya min

Duk wanda ya shiga harkar ƙananan na'urorin nan masu aiki da batir da LoRa, wato fasahar rediyo mai aika ƙananan saƙonni nesa ba tare da cin batir sosai ba, irin sensar tankin ruwa ko mitar rijiyar burtsatse, abu na farko da ke zuwa masa a rai shine a kai getwe, wato na'urar da ke karɓar saƙon sensoci ta tura shi intanet, can sama, in da hali ma a maƙala ta a jikin ƙarfen sabis tunda shi ya fi komai tsawo a unguwa. Tsawo yana da amfani, ba musu, amma ni yanzu kafin in tambayi tsawon wuri sai na fara tambayar wane ne maƙwabcinmu a saman.

Mu nan Najeriya LoRa a firikwensin 868 take aiki, wato daga 863 zuwa 870 MHz irin na Turai. Ƙasa da ita kaɗan ga 4G ta 800, wayoyi na aikawa daga 832 zuwa 862, shi kuma ƙarfe yana watsowa daga 791 zuwa 821. Sama da ita ga GSM 900, wayoyi daga 880 zuwa 915, ƙarfe daga 925 zuwa 960. Ka duba fa, 862 da 863, megahaz ɗaya tal a tsakani. Sensar taka kuma da miliwat 25 take magana, ƙarfen sabis kuwa wat 20 ko 40 ba komai bane a wajensa, ita getwe kuma an ƙera kunnenta ne don ya jiyo sigina mai rauni har wajen -137 dBm a ma'aunin ƙarfin sigina, to in ka ajiye ta gaban eriyar sabis kamar ka tsaya jikin lasifikar gidan biki ne kana so ka ji mai yi maka raɗa daga bakin layi. Ba wai sun hau firikwensinka bane, kowa yana layinsa, ƙarfin ne kawai ke toshe mata kunne.

Abin haushin kuma ba ya nuna kansa kai tsaye. Na'urorin kusa suna shigowa lafiya lau, na nesa ne zasu rinƙa ɓacewa, sai kwastoma ya ce kayan jabu aka sa masa. Su kuma na'urorin in suka ga saƙo baya isa sai su yi ta hawa daga SF7 har SF12, wato matakan rage saurin aikawa don saƙo ya kai nesa, saƙon da da baya kai kashi ɗaya cikin goma na sakan a iska ya koma ya haura sakan guda, batirin da aka yi alƙawarin shekaru ya fara zuƙewa, ga kuma ƙa'idar da ta taƙaita lokacin aika saƙo zuwa kashi 1 cikin 100, sakan 36 kacal gareka a awa, nan da nan ka cinye.

Maganin da na ga yana aiki ba wani tsada ko sihiri. Filta mai kyau, irin na ƙarfen nan da ake ce wa kabiti, tsakanin eriya da getwe, yana ɗan cin sigina amma abin da yake tarewa ya ninka haka nesa ba kusa ba. Sannan wurin ɗaura eriya, a ƙasan eriyoyin sabis ko samansu, kar dai a gabansu, domin su gaba suke harbawa, 'yar tazara a tsaye tafi doguwar tazara a gefe. Masu cewa a ƙara amfilifaya kuwa, in dai babu filta a gabanta hayaniyar zata ƙara wa ƙarfi. Kuma a auna kafin a huda bango, ko da 'yar RTL-SDR ce, wato ƙaramar rediyon auna sigina mai araha da ake sokawa a jikin laftof, a auna da safe a sake aunawa bayan magariba lokacin da kowa ya hau data.

Sai ɗaya ɓangaren da ba a cika faɗa ba, mu ma muna iya ɓata wa masu sabis aiki. Kayan LoRa na Amurka a 902 zuwa 928 suke, kuma can an yarda su kai wat guda, mutum ya gansu da sauƙi a onlayin ya yi oda bai duba ba, ya kunna a nan, alhali har zuwa 915 wurin da ƙarfe ke sauraren wayoyin mutane ne. Kira ya rinƙa yankewa a layin, a yi ta zagin kamfani. Shi yasa hukumar sadarwa ta NCC ke cewa sai na'ura ta samu amincewarta kafin a shigo da ita, haka take gargaɗi kan bustocin netwok na kasuwa da mutane ke ɗaurawa a rufin gida, su ma ɓarnarsu iri ɗaya ce.

In wuri ya cika da ƙarafa har filta ya kasa, ina ce wa mai aiki mu duba ko akwai NB-IoT a wajen, wato layin kamfanonin waya na irin waɗannan ƙananan na'urorin. Ita tun 2016 aka fitar da ita, faɗinta 180 kHz ne a cikin firikwensin kamfanin waya, su ke tsara wa kowa lokacinsa. Sai dai fa kowace na'ura da sim ɗinta da kuɗin wata, kuma mai gona da sensa ɗari biyu sai ya zauna ya buga lissafi tukuna kafin ya amsa.