Sakandaren da ta fara a ɗakin ƙasa na coci

Jiya da daddare barci ya ƙi zuwa, na ɗauki waya ina ta karance-karance har na faɗa kan tarihin wata sakandaren gwamnati da ke birnin Washington na Amurka, sunanta Dunbar, kuma wallahi har yanzu abin bai fita raina ba.

A 1870 aka buɗe ta, shekara biyar kacal da haramta bauta a ƙasar, ita ce sakandaren gwamnati ta farko ta yara baƙaƙen fata. Ko gini ba su da shi fa, a ɗakin ƙasa na wata coci aka fara karatu. An sha ƙaura, an kira ta M Street, sai a 1916 ta samu katafaren gini da sunan da take amsawa yau.

Ni dai malamanta ne suka tsaya min a rai. Lokacin wariya ce, baƙar fata ko ya yi digiri uku manyan jami'o'in farare ba za su ɗauke shi koyarwa ba, to ina zai nufa? Sai ya dawo nan ya riƙe alli yana koyar da 'yan shekara sha biyar. Carter Woodson da ya yi dakta a Harvard ya koyar a nan. Ga kuma Anna Julia Cooper, matar da aka haifa cikin bauta, ta shugabanci makarantar daga 1902 zuwa 1906, ta kafe kan cewa ɗalibanta za su yi Latin da lissafi su shiga manyan jami'o'i, ba sana'ar hannu kaɗai ba kamar yadda wasu suka so, har dai aka sauke ta daga kujerar. Daga baya ta dawo a matsayin malamar aji, ta ci gaba da koyar da Latin ɗinta, a 1925 kuma ta samu digirin dakta a Paris tana da shekara sittin da wani abu. Kai jama'a!

Daga azuzuwan nan Charles Drew ya fito, likitan da aikinsa ya share hanyar adana jini a asibitoci.

A 1954 kotun ƙoli ta soke wariya a makarantu, alhamdulillahi, zalunci ne aka kawar. Amma daga nan Dunbar ta koma ta unguwa kawai, ba ta jan haziƙan yara daga ko'ina cikin birnin, ƙofofin da aka rufe wa manyan malamai kuma suka fara buɗewa, sannu a hankali darajar ta yi ƙasa. A 1977 aka rushe tsohon ginin duk da tsofaffin ɗalibai sun yi ta kai gwauro suna kai mari don a bar shi. An yi sabo a 2013, an rubuta sunayen fitattun ɗalibai da malamai a alluna a cikinsa, aka bar wasu allunan ba rubutu saboda yaran da ke karatu yanzu.