Tallata taron fasaha a garin da mutanensa kwana kawai suke yi

Mazauna garin da ke gefen babban birni da asuba suke fita, sai bayan faɗuwar rana su dawo a gajiye. Aikinsu a birni, abokan hirarsu a birni, labaran da suke ji ma na birni ne. Duk mai shirya wasan kwaikwayo, baje kolin zane ko daren waƙoƙi a irin wannan gari, ya fara duba agogon mutanen kafin ya buga fasta ko ɗaya.

In ka sa taro ƙarfe shida na yamma a ranar aiki, kujeru za ka yi wa wasa. Tambayi direbobi lokacin da motocin yamma ke sauke mafi yawan fasinja, ka ƙara awa ɗaya da rabi a kai, don mutum ya shiga gida ya watsa ruwa ya huta. In lissafin ya kai dare sosai, mayar da taron ƙarshen mako da rana. Kuma ka rubuta lokacin tashi. Wanda zai yi sammako gobe ba zai zo taron da bai san ƙarshensa ba.

Tasha ce allon sanarwar garin, amma gefenta biyu ba ɗaya ba ne. Inda ake jiran mota da safe mutane a tsaye suke, ba abin yi, za su karanta bayani har ƙasa. Nan za ka manna fasta mai girman A3, wato ninki biyu na takardar da aka saba bugawa, da cikakken bayani. Inda ake sauka da yamma kuwa kowa sauri yake, sai ka bar abu uku kacal: mene ne, yaushe, a ina. Harafi mai tsayin santimita biyu da rabi ana karanta shi cikin sauƙi daga mita uku. In daga tsallaken titi za a hango, ninka shi sau uku ko huɗu. Nemi izinin masu kula da tashar tukuna, in ba haka ba washegari za ka tarar an yage. Tawadar ƙaramar na'urar buga takardu ba ta jure ruwan sama, a rufe fastar da leda.

Lambar QR, wato ɗan zanen murabba'i da ake haskawa da kyamarar waya a ga ƙarin bayani, tana da amfani a jikin fasta, amma kada ta gaza santimita uku, kuma ka gwada ta da tsohuwar waya kafin a buga da yawa.

A fara manna fasta saura mako uku. In an riga haka, ido ya saba da ita ya daina gani. A WhatsApp, abin da aka ɗora a status awa 24 yake yi ya ɓace, saƙon da aka tura ta jerin broadcast kuma sai wanda ya ajiye lambarka zai samu. Shi ya sa zaurukan WhatsApp na unguwa da na iyayen yara suka fi kai saƙo. Tura shi lokacin da mutane ke zaune cikin cunkoson hanya, bidiyo gajere mai rubutu a jiki, tunda ba kowa ke kunna sauti cikin mota ba.

Akwai kuma waɗanda ba sa zuwa birnin: masu shaguna, malaman makaranta, waɗanda suka yi ritaya. Su ne ke magana da kowa. Miƙa wa kowannensu katin gayyata biyar a hannu, kuma in da hali ka sa ɗaliban makaranta cikin shirin ko na minti goma ne. Yaro ɗaya a kan dandali yakan jawo gidansu gaba ɗaya.