Godiya bayan taron ranar al'adu na makarantarmu

Assalamu alaikum. Sai yau na iya ɗaukar waya in rubuta wannan, don tun ranar taron muryata a dishe take, ƙafafuna kuwa kamar na aro. Alhamdulillahi, an yi an tashi lafiya. Kun san yadda aka ɗaga ranar har sau biyu, kun san yadda aka kusa fasawa, ba sai na sake tono wannan ba.

Abu ɗaya ne ya ƙi barin raina. Bayan azahar, 'yan matan aji huɗu na tsakiyar gaɗa, guguwa ta taso daga wajen fadama ta ɗage rumfar baƙi ta yi jifa da ita. Da ƙura ta lafa muka jera yara aji-aji, na kira rajista, sai aka rasa yaro ɗaya a 'yan aji ɗaya. Yaron da uwarsa ta damƙa mini shi da safe ta ce, "Malama, ga amana." Duk wanda ya san makarantarmu ya san ba mu da katanga, kuma kududdufin bayan ajujuwa bai ƙafe ba tun ambaliyar 2022, kachalla ta rufe bakinsa ruf. Can na nufa. Na cire takalmi na riƙe a hannu, ina gudu ina salati, ban ma san mayafina ya faɗi ba.

Ashe yana gindin tsamiya, inda matan ruga suka jera ƙorensu. Wata dattijuwa ce ta fizgo shi lokacin da iska ta taso, ta lulluɓe shi da zanenta, ta juya wa guguwar baya. Na tarar ya yi barci a cinyarta, bakinsa duk kindirmo. Ƙwaryarta guda ta kife, sauran ƙasa ta cika su, cinikin ranar ya tafi ke nan. Ta ɗaga mini hannu ta ce, "'Yata, kar ki tashe shi, ya tsorata." Na kwance bakin zane zan biya ta nonon, ta harare ni sai da na ji kunya. Fillancina bai wuce "mi yetti" ba, shi na yi ta maimaitawa ina kuka. Mutanen garin nan sun san ɗan waye yaron, sun kuma san abin da ya shiga tsakanin ubansa da wannan ruga a kan gonar wake da kakar da ta wuce. Da la'asar na hango uban ya je ya durƙusa yana gaishe ta. Inna, Allah ya saka miki da Aljanna, ya tsare miki naki jikokin a duk inda suka shiga.

Masu cewa wannan taro ɓata lokacin karatu ne, na ji ku, ban kuma yi fushi ba. Amma ni ce a aji. Ina ganin yaran Badawa suna yin shiru da harshensu idan 'yan'uwansu na kusa, don kar a yi musu dariya, haka ma 'ya'yan Mangawa. A ƙasar Haɗejia muke, Auyo ba nisa, kuma yau ba mai jin harshen Auyokawa. Shi ya sa da yarinyar aji biyar ta miƙe ta yi wa iyaye barka da zuwa da Badanci, kakanta ya tashi tsaye yana share ido da hularsa, na ce wahalarmu ta biya.

An ce ba a ware mutane a godiya, amma ku yi haƙuri, sai na ware. Bulama, Allah ya ja zamaninka, da ba ka sa baki ba da ba a yi ba. Arɗo, wanda ya tako da ƙafarsa har makaranta tare da mai sarewa. Sarkin ruwa, da ya aiko da kwandon busasshen kifi ba tare da an roƙe shi ba. Iyayen mata da suka kwana a gindin murhu suna burabusko da dambu da sinasir. Ɗan bautar ƙasarmu Bayarabe, da ya tuƙa amala da hannunsa, yara suka yi ta leƙe suna cewa tuwon ya ƙone, daga baya suka lashe tukunyar tas. Mai kemis na bakin kasuwa, ɗan ƙabilar Ibo, da ya wanke wa yara uku ƙujewa bai karɓi ko sisi ba. Sai Baba maigadi, wanda tun asuba yake jan ruwa a rijiya, kuma shi ya tsinto mini mayafina.

Nawa 'yan'uwan na birni da suka yi alkawarin lasifika da kujeru, har yanzu waya na shiga, ba a ɗauka ba. Ba komai, wataƙila hanya ce. Da lasifikar masallaci muka yi, Malam Liman Allah ya ƙara girma.

Ya Allah, duk wanda ya ba da tabarma, ko mudun gero, ko addu'a daga nesa, ka ninka masa. Ka raya mana yaran nan, ka ba su ilimi mai amfani, ka haɗa kansu fiye da yadda namu ya haɗu. Ka kiyaye mana gona da garke da ruwa, ka ji ƙan iyayenmu da suka riga mu. Amin.

Akwai tabarmi bakwai da tukunya babba guda a ofishin hedimasta da ba mu gane masu su ba, da takalmin yaro wari ɗaya, shuɗi. Mai su ya zo gobe kafin a tashi.