Idan hoto ya kasa bin kiɗa a TouchDesigner

Ganga ta buga, hoton da ke allo sai ya biyo baya ko ya riƙa sarƙewa. Duk mai haɗa hoton da ke rawa da kiɗa a TouchDesigner, manhajar kwamfuta da ake irin wannan aiki da ita, ya san wannan takaicin. Lissafin ba shi da sassauci: in kana son hoto 60 a daƙiƙa, kowanne milisakan 16.7 kacal yake da shi, abin da ya haura haka kuwa ido zai gani.

Kada ka hau goge akwatuna da ka, wato ƙananan sassan da ake jonawa su haɗa aikin. Buɗe Performance Monitor tukuna, tagar da ke nuna lokacin da kowane akwati ke ɗauka, ka ga wanne ne ke cin lokaci.

Sau da yawa ɓarnar tana bakin ƙofa, wurin Audio Spectrum CHOP, akwatin da ke rarraba sauti zuwa lambobi (CHOP su ne akwatunan lambobi da sauti). In sautin mai samfuri 44,100 a daƙiƙa ne, yakan fitar da lambobi har 22,050, kuma duk akwatin da ke bayansa sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya a kowane hoto. Me za ka yi da su alhali, a misali, sanduna 64 masu bin sauti kake zanawa? Shiga Output Length ka mayar da shi 128 ko 256. Lag ko Filter na sassauta motsi su zo bayan wannan ragin.

Sai SOP, akwatunan gina siffofi na 3D, inda na fi ganin mutane na wahalar da kansu. Aikinsa a kan CPU yake. In ka sa Copy SOP ya maimaita siffa 5,000 kuma sauti na motsa su, kullum sabon gini yake yi daga tushe sannan ya tura wa katin hoto. Maimakon haka, kunna Instancing a Geometry COMP, akwatin da ke riƙe siffar: siffa ɗaya za a aika, matsayi da girman kowace su fito daga CHOP ko TOP, wato akwatunan hoto.

A ɓangaren TOP, duba Pixel Format, wato yawan bayanan da kowane ɗigon hoto ke ɗauka. Hoton 1920×1080 a 32-bit float RGBA yana cin kusan megabait 33, a 8-bit kuma kusan 8. Madaukin Feedback, inda hoto ke komawa cikin kansa, kan buƙaci 16-bit don launi ya dushe sumul, sauran mafi yawa 8 ya ishe su. Blur kuma, mai sa hoto dishi-dishi, a yi shi a rabin girma, aikin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, ba mai lura.

Ranar wasa danna F1 ka shiga Perform Mode, domin ƙananan tagogin da ke kan akwatuna su ma ƙarfi suke ci. Ka kuma tanadi wutar da ba za ta yanke ba: laftof na komawa kan batir yake rage gudun katin hoto.