Lissafin shaton da na karanta ba tare da Mathcad ba

Ranar Talata da hantsi Alhaji ya shigo biro ɗinmu da ke Sabon Gari, ko zama bai yi ba ya ajiye mini filashi a kan tebur, wanda mu a nan Damagaram muke ce wa kile. Ya ce, "Ɗana, duk lissafin yana ciki. Ka gaya mini ƙarfe nawa zan saya, gobe mota za ta tashi."

Aikin shato ne, wato tankin ruwa da ake ɗorawa a kan ginshiƙai, a wani ƙauye kan hanyar Mirya. An fara shi shekarun baya, aka kai ginshiƙai sama, kuɗi suka yanke, aka watse. Yanzu Alhaji ya sami kwangilar ƙarasawa, saura tankin kankare da zai hau kai. Wanda ya girma a garin nan ba sai an yi masa bayanin darajar shato ba. Birnin a kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga Gogo-Machaya da Arunguza ake turo shi, kuma idan zafi ya kankama ƴan ga-ruwa su ne sarakunan unguwa. Mutanen ƙauyen nan sun gaji da kallon ginshiƙai huɗu tsirara.

Takardun lissafin da aka buga tun farko kuwa gara ta riga mu. Abin da ya tsira shi ne zanen ginin da wannan kile. Na sa a kwamfuta, na ga fayil guda mai ƙarewa da .xmcd, na danna, Windows ta tambaye ni da me nake so ta buɗe shi. Nan na san yau akwai zama.

Fayil ɗin Mathcad ne. Manhaja ce da ta fito tun 1986, kamfanin PTC ya saye ta a 2006, kuma tsofaffin injiniyoyi suna ƙaunarta saboda kana rubuta lissafi yadda za ka rubuta a allo, da alamar saiwa da layin rabo da ma'auni, ita kuma tana fitar da amsa a gefe. A biro ɗinmu babu mai ita. Mu Excel muka sani, sai Robot, manhajar lissafin ƙarfin gini, a kwamfutar maigidana. Tsohon zubin da aka yi fayil ɗin da shi, wato Mathcad 15 da na gabansa, an daina sayar da shi a ƙarshen 2021. Sabon, Mathcad Prime, akwai na gwaji na kwana 30, amma sai ka sauke shi tukuna, sannan ka juyar da tsohon fayil zuwa sabon tsari. Da intanet ɗin wayata, da kuran, wato wutar lantarki, da ke zuwa yana tafiya tun safe, na ga dare zai same ni ban fara komai ba.

Wani yaro da ke koyon aiki a wajenmu ya ce ya san mai sa "kowace irin manhaja" a wajen Kasuwar Dole, jaka biyu kacal. Na ce masa ya bari. Bara irin wannan arahar ta cinye mana zanen wata makaranta gaba ɗaya, muka yi sati muna sake ja.

Abin da ya cece ni abu ne da ban ɗauke shi da daraja ba. Na danna fayil ɗin da hannun dama na buɗe shi da Notepad++, manhajar buɗe rubutu zalla, don kawai in ga ko akwai sunan aikin a ciki. Sai ga rubutu tar, ana karantawa. Ashe .xmcd rubutun XML ne, komai a kewaye da alamomin buɗewa da rufewa kamar shafin intanet. Da farko ido ya ruɗe, layuka dubbai. Amma da na nemi kalmar ml:define sai zaren ya fara warwarewa. Duk inda injiniyan da ya yi lissafin ya ba wani harafi daraja, za ka ga ml:define, a ƙarƙashinsa ml:id ɗauke da harafin, sannan ml:real ɗauke da adadin. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne yadda ake jera lissafin. Mu mun saba da "a sau b". A nan aikin ne ke fara zuwa: ml:apply, sai ml:mult, sannan abubuwa biyun da za a ninka. Idan rabo ne ml:div, wanda ya fara zuwa shi ne na sama. Lissafi mai baka cikin baka sai ka riƙa binsa kamar mai kwance igiyar guga da ta sarƙe. Na ɗauko takarda da fensir, ina karanta layi ina mayar da shi yadda ɗan Adam ke rubutawa.

Wajen la'asar na ci karo da 0.85 sau 25 raba 1.5, ga amsa a ajiye cikin result: 14.17. Ƙasa kaɗan 400 raba 1.15, wato 348. Wallahi sai da na yi murmushi ni kaɗai, kamar na haɗu da ƴan ajinmu a tasha. Duk wanda ya yi karatun gini a ƙasar nan ya haddace waɗannan lambobin na BAEL 91, ƙa'idar Faransa ta lissafin kankare mai ƙarfe, ƙarfin kankare mai 25 da ƙarfen gini mai 400. Ga kuma 1.35 da 1.5 da ake ninka nauyi da su. Daga nan na san hanyar da tsohon ya bi, sauran karatun ya yi sauƙi.

Daga baya na gwada SMath Studio, wata ƴar manhaja mara nauyi da wani ɗan Rasha ya rubuta, wadda ke iya shigo da .xmcd. Ta jera mini shafin a fasalin da ya fi kama da na asali, na riƙa gwama shi da abin da na kwafa da hannu. Ga wanda fayil ɗinsa .mcdx ne, na Prime, dabarar daban ce kaɗan: ka yi kwafi, ka canza ƙarshen sunan zuwa .zip, ka buɗe da 7-Zip, za ka tarar da worksheet.xml a ciki. Zanen AutoCAD kuwa ba ya buƙatar duk wannan wahala, DWG TrueView kyauta ne. Amma kada wani ya ɗauka kowane fayil haka yake. Na taɓa buɗe .rtd na Robot da Notepad++, ban ga komai ba sai tarkacen alamomi.

To, ƙarfen da Alhaji ke nema na same shi, HA12, wato rodi mai kaurin milimita 12, da tazararsa, a rubuce ƙarara. Har na ɗauki waya zan kira shi. Sai na ce bari in koma saman fayil ɗin in dubi abin da aka fara da shi, don a Mathcad lissafi daga sama yake gangarowa, hagu zuwa dama, kuma duk abin da ke ƙasa ɗan na sama ne. Harafin V, wato girman tankin, adadinsa 30. Na jawo zanen da Alhaji ya kawo, tankin da ke jiki mita kubik 40 ne.

Kowace mita kubik ta ruwa tan guda ce. Tan goma ke nan da lissafin bai san da zamansu ba, ban da ƙarin nauyin kankaren da babban tanki zai ci, kuma duk a kan ginshiƙan da aka riga aka zuba. Da Mathcad ce a gabana, sai in goge 30 in sa 40 in ga me zai yi ja. A Notepad++ kuwa ko na canza lambar, 14.17 da sauran amsoshi za su zauna yadda suke, domin ba lissafi yake yi ba, abin da aka ajiye ranar ƙarshe yake nuna mini. Hangen Dala ne kawai. Akwai ma abin da ya fi wannan damuna: Mathcad tana ba mutum damar kashe lissafi na kai tsaye, don haka ba ni da tabbacin amsoshin da ke ƙasa sun dace ko da 30 ɗin da ke sama, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya da kalkuleta.

Maigidana ya nemo mini lambar tsohon injiniyan. Ya yi ritaya, yana Yamai wajen ƴaƴansa. Bayan magariba na kira.

"Baba, barka da dare. Ni ne yaron biro ɗin Damagaram, a kan shaton hanyar Mirya."

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya yi dariya. "Allah sarki, har yanzu ba a gama shi ba? Me ka gani?"

Na gaya masa. Ya ce, "Wannan na farko ne, ɗana. Daga baya masu aikin suka ce a ƙara girma, na sake lissafi. Wancan yana cikin kwamfutar da ta mutu mini." Na tambaye shi ko ginshiƙan da na 30 aka zuba su ko da na 40. Ya ce ba zai yi mini rantsuwa a kan abin da ya shekara da yawa ba, in je in auna da idona, in fasa gefen ɗaya in ƙirga ƙarfen.

Alhaji bai ji daɗi ba, kuma ban ga laifinsa ba, ya riga ya yi magana da direba. Ya ce, "Yanzu duk wannan karatun naku, fayil ɗin ma a hannunka, ka ce sai ka je ƙauye?" Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, kwana uku nake roƙo." Ya kaɗa carbi ya ce Allah ya kai mu.

Ranar Alhamis na hau bayan babur ɗin yaron nan, da mita da guduma da kurfi a jaka. Ginshiƙan santimita 30 bisa 30 ne, kamar yadda tsohon fayil ya ce. Mun fasa gefen na kudu, ga tsoffin ƙauyen sun kewaye mu suna tambaya ko rushewa za a yi. Sanda huɗu na ƙirga, HA14. Yau kwana biyu ke nan ina sake lissafin a Excel, kowane shafi na gama sai in fitar da PDF in tura wa maigidana a WhatsApp, in kuma buga kwafi biyu. Alhaji ya kira sau uku tun safe, ban kai ga tushen ginin ba tukuna.