Megafiksel 20 da suka ba ni kunya a wurin dina

Kuɗin adashen wata takwas na kwashe na sayi kyamarata ta farko. Lokacin ina yaron shago a wani sutudiyo a Kano, aikina riƙe fitila, ɗaukar jaka da kai hotuna wurin wanki. Maigidana yana aiki da wata tsohuwar Nikon D700, baƙa, mai nauyi kamar dutsen guga, robar jikinta duk ta fara saɓulewa. Megafiksel 12 kacal gare ta, wato ɗigo miliyan 12 ne ke haɗuwa su zama hotonta. Ni kuwa da na shiga kasuwa sai idona ya faɗa kan wata 'yar ƙarama mai sheƙi, an rubuta megafiksel 20 ɓaro-ɓaro a kwalinta, ga zum mai nisa, kuɗinta kuma bai kai rabin na lens (gilashin gaban kyamara) ɗaya na maigida ba. Lissafin 'yan firamare na yi: 20 ta fi 12. Na biya, na dawo ina taƙama.

Maigida ya karɓa, ya jujjuya ta a hannu, ya ce, "Allah ya sa albarka. Ranar Asabar muna da dina, ka zo da ita." Bai ƙara komai ba.

Ɗakin taron irin wanda kowane mai hoto ya sani ne: fitilu masu launi suna ta juyawa, wuta ta ɗauke an koma janareta, amarya ba ta iso ba sai bayan isha. Na yi ta ɗauka, ina leƙa ɗan allon bayan kyamara, komai ras. Washegari da muka zuba hotunan a kwamfuta jikina ya yi sanyi. Fuskar amarya kamar an watsa mata yashi. Zanen lallen hannunta ya cakuɗe ya zama dabbare-dabbare, leshin da aka kashe wa kuɗi ya koma kamar an goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. A hotunan maigida kuwa, wuri ɗaya, haske ɗaya, ana iya ƙirga duwatsun da ke jikin mayafi.

Na ce, "Maigida, ko dai jabu aka sayar mini?"

Ya ce ba jabu ba ce. Ya cire lens ɗin tasa, ya ɗage madubi, ya nuna mini wani ɗan faranti mai ƙyalli a can ciki. Shi ne sensa, wurin da haske ke sauka ya zama hoto. Nasa milimita 36 ne a tsawo, 24 a faɗi, daidai girman gurbin hoto ɗaya a fim na 35 da ake amfani da shi a da, shi ya sa masu sana'a ke ce masa ful-firem. Tawa ba a buɗe ta, sai ya nuna mini farcen ƙaramin yatsansa ya ce nawa bai kai wannan ba. Daga baya na duba: kusan milimita 6.2 ne da 4.6. In aka auna fili, nasa murabba'in milimita 864, nawa wajen 28. Ya ninka ni sau talatin.

Sai ya yi mini tambayar da har yau nake yi wa yaran da ke koyo a hannuna. "Wani ya rasu ya bar gona eka talatin da 'ya'ya 12. Wani ya bar eka ɗaya da 'ya'ya 20. Ɗan wa zai fi kai hatsi gida?"

Fiksel su ne 'ya'yan. Kowanne ɗan gurbi ne da ke tara hasken da ya faɗo masa. A D700 faɗin kowanne ya kai maikiron 8.4, a tawa kuwa wajen 1.2, kuma maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Wato kowane fiksel nasa yana da fili kusan ninki hamsin na nawa.

Abin da ya fi ba ni wahalar ganewa shi ne daga ina yashin nan yake zuwa. Na ɗauka datti ne ko lalacewar na'ura. Ashe yawancinsa daga hasken kansa ne. Haske ba ya kwarara kamar ruwan famfo, ɗigo-ɗigo yake saukowa kamar yayyafi. Ka jera ƙananan kofunan shayi a tsakar gida na daƙiƙa biyu ana yayyafi, wani zai sami ɗigo uku, na kusa da shi bakwai, wani ko ɗaya, alhali sama ɗaya ce ke zubo musu. Wannan bambancin shi ne yashin. Ka ajiye manyan baho ka bar su su jima, za ka tarar ruwan cikinsu kusan daidai yake. Lissafin ma a bayyane yake: in gurbi ya tara ɗigon haske 100, tangal-tangal ɗinsa kusan 10 ne, kashi goma cikin ɗari ke nan. In ya tara 10,000, tangal-tangal ɗin 100 ne, kashi ɗaya tak cikin ɗari. Ɗaga ISO kuwa, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a cikin duhu, ba ya ƙara ruwa a kofi ko kaɗan, ƙara wa ɗan abin da aka samu murya yake yi, da shi da yashinsa. Mu da yawancin masu zuwa gabanmu baƙaƙe ne da wankan tarwaɗa, wannan ya fi shafar mu, domin fata mai duhu haske kaɗan take mayarwa, kuma a wurare masu duhu na hoto yashi ya fi yin sansani.

To, daga nan sai na faɗa kuskure na biyu, wanda ya fi na farko daɗewa a kaina. Na zama mai wa'azin cewa yawan megafiksel sharri ne. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce ya nemi mai manyan fiksel, ya guji mai yawa. Har misali nake bayarwa da Sony A7S da ta fito a 2014 da megafiksel 12 a kan ful-firem, wadda ta yi suna wajen ɗaukar bidiyo cikin duhu. Na shekara biyu ina wannan fatawa.

Wani abokin sana'a ne ya karya ni, ba da gardama ba. Yana da Nikon D800, wadda ta fito a 2012 da megafiksel 36 a kan sensa mai girman na maigida. Fiksel ɗinta bai kai maikiron 5 ba. Mun yi aikin walima tare, ni ina riƙe da D700 ɗin maigida, na zauna ina jiran in ga yashi. Da muka buɗe hotunan muka zuƙo su har ƙarshe a allo, lallai nasa ya fi yashi, na fara murmushi. Ya ce in dakata. Muka wanke hoto ɗaya daga kowace kyamara a takarda mai girma ɗaya, muka ajiye a tebur. Na duba, na sake dubawa, nasa bai fi yashi ba, kuma aikin zaren da ke wuyan babbar rigar ango ya fi fitowa a nasa.

Gonar maigida ce ta dawo mini ta wata fuska. Eka talatin, ko ka raba wa mutum 12 ko 36, in aka tara amfanin a rumbu ɗaya, kusan abu ɗaya za a samu. Kason kowane ɗa ne ya ragu, girbin gidan bai ragu ba. Mai kallon hoto kuwa rumbun yake gani, ba ya bin fiksel ɗaya-ɗaya. Lokacin da na zuƙo hotunan biyu har ƙarshe a allo, na D800 na faɗaɗa shi fiye da ɗayan ba tare da na lura ba, don haka gwajin nawa tun farko ba adalci a cikinsa. Abin da ya kayar da 'yar kyamarata a wurin dina ƙanƙantar gonar ce. Ko da megafiksel 5 aka yi ta, da sensa mai girman farce ba za ta kamo D700 ba.

Akwai ma ranar da cunkoson fiksel ya cece ni. A Hawan Daushe ba a barin mai hoto irina ya matsa kusa da dawakai, daga nesa kake hangen mahaya. Na je da kyamara mai sensa APS-C, wanda yake wajen milimita 23.5 da 15.6, megafiksel 24. Lens mai milimita 200 a kanta yana yanko fili kamar mai 300 a ful-firem. Da D700 na ɗauka na yanke hoton zuwa wannan girman, megafiksel 5 da ɗan ɗoriya za su rage mini. Ga rana tana nan da sauranta, haske ya wadata, yashi bai da ta cewa. Na sami adon linzami da naɗin rawani tsaf. Inda haske ya yi yawa kuma abin ɗauka yana nesa, ƙananan fiksel masu yawa riba ne.

Sai dai ribar tana da iyaka, kuma lens ne ke yanka ta. Haske in ya bi ta ƙaramar ƙofa bazuwa yake yi, ɗigo ɗaya ya zama ɗan da'ira. Lambar f ce ke nuna girman ƙofar lens, tana hawa ƙofar tana tsukewa: a f/8 faɗin da'irar ya haura maikiron 10, a f/16 ya ninka. In fiksel ɗinka maikiron 4 ne ka tsuke ƙofa zuwa f/22 don komai ya fito, hoton laushi zai yi, megafiksel ɗin da ka biya kuɗinsu suna zaune ba aikin yi. A irin wannan tsukewar ce kuma ƙurar hunturu da ta maƙale a sensa take bayyana, baƙaƙen ɗigo a sararin sama. Wanda ya taɓa canza lens a fili cikin watan Janairu ya san zancen.

Babban sensa ma yana da nasa tarkon. Ranar da na fara riƙe ful-firem ni kaɗai, na buɗe lens a f/1.8 don ina son bayan hoto ya narke, na ɗauki dangin ango sahu uku. Sahun gaba ya fito, na biyu ya yi hazo, na uku, inda baffannin ango suke, sai ka rantse aljanu ne. Ƙaramin sensa yana yafe irin wannan, domin lens ɗinsa gajere ne, zurfin abin da ke fitowa sarai yana da yawa. Babba ba ya yafewa. Sai da na je har gida na ba da haƙuri.

Yanzu rigimar ta koma waya. Ba a sati sai wani ya ajiye mini wayarsa a tebur ya ce megafiksel 108 ce, me zai sa ya biya ni. Tun 2012 Nokia 808 ta fito da 41, Samsung ta kai 108 a Galaxy S20 Ultra a 2020, ta kai 200 a S23 Ultra a 2023. Sensa mai 108 ɗin nan wajen milimita 9.6 ne da 7.2, fiksel ɗinsa maikiron 0.8, ful-firem ya ninka shi fili sau goma sha biyu. Abin dariyar shi ne masu ƙera ta sun san maganar rumbu: wayar da kanta tana haɗe fiksel tara su zama ɗaya, ta ba ka hoto mai megafiksel 12, adadin tsohuwar kyamarar maigida. Ba na raina waya. Tana ɗaukar hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido ta haɗe su, wato ta bar kofunan a waje sau da yawa ta juye a wuri ɗaya, kuma in abin ɗauka yana tsaye sakamakon yana ba ni mamaki. Amma ƙawayen amarya ba sa tsayawa in an saki kiɗa. Nan hannu ke zama biyu, fuska ta yi sumul kamar roba, domin manhajar da ke share yashi ba ta bambanta shi da ƙananan layukan lalle.

Sunayen da ake ba ƙananan sensa ma yaudara ce mai lasisi. Wanda ake kira na inci ɗaya milimita 13.2 ne da 8.8, daga kusurwa zuwa kusurwa wajen 16, alhali inci milimita 25.4 ne. Sunan gado ne daga bututun gilashi na tsofaffin kyamarorin talabijin, inda ake auna kaurin bututun a waje.

Da na zauna na lissafa abin da aikina ke buƙata, kunya ta sake kama ni. Hoton inci 8 da 10, in za a wanke shi da ɗigo 300 a kowane inci, megafiksel 7.2 ne. Allon talabijin na 4K bai wuce 8.3 ba. Babbar bana ta siyasa ko ta biki daga nesa ake kallonta, ba ta buƙatar rabin abin da mutane ke zato. Mafi yawan hotunan da nake miƙawa kuma a WhatsApp suke ƙarewa, inda ake matse su kafin su isa wayar gwaggon amarya. Abin da ke tsira daga matsewar shi ne tsabtar launin fata da hasken ido, su kuma daga yawan hasken da aka tara suke zuwa, wato girman sensa, faɗin ƙofar lens, da inda na tsayar da fitila.

'Yar kyamarar tawa tana nan, ban sayar ba. Tana cikin durowar shago, yaran suna ɗaukar hoton fasfo da ita a bakin ƙofa, da hantsi, an rataya farin ƙyalle a bango. A wannan hasken babu wanda ya taɓa dawo mana da hoto.