Jirgin ƙasan da muka tuƙa a tsakiyar falo

Salam jama'a, kwana biyu kun ji ni shiru, wallahi hutun ƙarshen shekarar nan ne ya tafi da ni gaba ɗaya, kuma ba wani waje naje ba, ina gida a durƙushe gaban wani faffaɗan katako ni da yara da baƙi muna ta tuƙa jirgin ƙasa. Ɗan ƙarami ne, kan jirgin bai fi tsawon tafin hannuna ba, amma da wutar lantarki yake tafiya a kan layinsa, yana jan taragu, yana tsayawa a tasha.

Duk wanda ya taɓa yin Disamba a arewacin Ingila ya san yadda take. Mu a Leeds muke, ƙarfe 4 na yamma bata cika ba duhu ya rufe, kana idar da azahar kafin ka sha shayi la'asar ta shigo, kafin ka miƙe ƙafa magariba, ga sanyi ga yayyafin da baya ƙarewa, makaranta a rufe sati biyu cur, yara uku a gida kowa ya dunƙule da waya a hannu ba mai yi wa wani magana. Abin ya daɗe yana damuna. A bana kuma ga Baffa, ƙanin mahaifina, ya zo daga Zariya ganin likitan ido zai yi wata biyu a wajenmu, tsoho ne da ya saba zama a zaure mutane na shigowa ana gaisawa, a nan kuwa sai ya wuni a kujera yana kallon taga da carbi a hannu. Ina dawowa daga aiki in ce Baffa ya gida, yace lafiya lau ɗana, daga nan shikenan.

Jirgin a kasuwar gwanjo na same shi tun watan Oktoba, irin wadda mutane ke buɗe bayan mota su baje tsofaffin kayansu ranar Lahadi. Na kamfanin Hornby ne, kwalin duk ya yage amma komai na ciki, kai ɗaya irin na tururi, taragun fasinja biyu, na kaya uku, da layi mai zagaye da ɗan akwatin da ake murɗawa a ƙara gudu ko a rage. Shi wannan suna Hornby a ƙasar nan kusan duk dattijon da ka tambaya zai ce maka ya taɓa samun kyautarsa yana yaro, Frank Hornby mutumin Liverpool ne ya kafa abin, tun 1920 suke fitar da jiragen wasa. Girman da aka fi yayi a Ingila shi ake kira OO, wato an rage komai sau 76, mutum mai tsayi sosai sai ya koma kamar santimita biyu da ɗan ɗoriya, faɗin layin kuma milimita 16.5. A Jamus da Amurka HO suka fi amfani da shi, nasu ragin sau 87 ne amma faɗin layin ɗaya ne da namu.

Ranar farko a kan kafet muka shimfiɗa, kuskure ne babba, jirgin yayi zagaye uku ya fara tari yana tsayawa. Maƙwabcinmu, wani dattijo Bature da yayi ritaya, shi na ƙwanƙwasa wa ƙofa don na san yana da nasa a ɗakin saman rufi. Yana zuwa ya juya kan jirgin ya nuna min zaren kafet da ya naɗe a ƙafafun, yace wutar ta cikin ƙarfen layin take bi ta shiga ƙafa ta kai ga injin, volt 12 ce kawai, saboda haka ɗan datti kaɗan ya isa ya yanke ta. Ya sa ɗan hantsaki ya zare zaren ɗaya bayan ɗaya, ya goge layin da tsumma sai ga baƙi ƙirin a jiki, ya matse 'yan ƙarafan da ke haɗa layi da layi, sannan yace in nemo katako ƙafa 8 da ƙafa 4 in ɗora a kan tebur. Washegari na siyo, maman yara ta kalli katakon ta kalli falon tace to Allah ya sa dai a bar min hanyar wucewa kicin.

Duk abin nan Baffa yana kujerarsa bai ce uffan ba. Sai da babban yarona ya murɗa akwatin har ƙarshe, jirgin ya kwaso a guje ya zo kwana ya kife, taragu suka watse, yara suna ta ihu suna dariya, sai kawai muka ji murya daga bayanmu, kai! wa ya koya maka shiga kwana a haka? Ya miƙe ya taho yana dafa bango. Ni fa na san Baffa yayi aikin reluwe, duk danginmu sun sani, amma ban taɓa zama na tambaye shi me yake yi a can ba, kuma wannan abin har yanzu yana min ciwo a rai. Ashe shekara da shekaru yayi a tashar Zariya yana sauya wa jirage layi. Ya ɗauki kan jirgin da yatsu biyu, idon nan da bai gani sosai amma da lalube ya zaunar da kowace ƙafa a kan layi, ya ce wa yaron, murɗa a hankali, a hankali nace, jirgi ba keke bane, nauyi gare shi.

Kuma gaskiyarsa ne ko a lissafi. Wani abokina injiniya da suka zo da iyalinsa ranar 26 ga wata ya buga mana a waya, jirgin da ke gudun kilomita 60 a awa, in aka rage shi sau 76, a kan katakonmu kamata yayi ya ci santimita 22 kacal a daƙiƙa ɗaya. Da muka gwada a haka sai abin ya canza kama, ka sunkuya ka sa ido daidai da layin kaga sandunan ƙafafun suna hawa suna sauka, taragu na biyowa suna ɗan rangaji, wallahi sai kaji kamar kana tsaye a bakin tasha.

Ranar 26 ɗin nan ita ce ranar da ba zan manta ba. Gida uku suka zo, abokin nan nawa ɗan Kano, da wani ɗan Maraɗi da muke haɗuwa a masallaci, da ƙanwar maman yara daga Bradford, yara sun kai tara, ga Baturen maƙwabci shima ya shigo da nasa kan jirgin a naɗe cikin tawul kamar jariri. Mata suna kicin ana soya masa ana hira, ƙamshin miyar taushe ya cika gidan, mu kuma nan falo rigima ta kaure don akwatin murɗawa ɗaya ne kuma kowane yaro shi yake so ya riƙe. Na yi magana na gaji. Sai Baffa ya kira autarmu, 'yar shekara biyar wadda yake tsokana da amaryata, yace amarya je ki ce wa mamanki ta ba ni muciya. Aka kawo muciya. Ya ɗaga ta sama yace to ku saurara, layinmu na da guda ɗaya ne, mai zuwa da mai komawa duk a kansa suke bi, saboda haka direba baya barin tasha sai an damƙa masa shaidar hanya a hannunsa, in babu ita ko uban waye kai sai ka jira. Yau wannan muciyar ita ce shaidar. Wanda ke riƙe da ita shi ne direba, zagaye biyu, ya tsaya a tasha daidai, ya miƙa wa na gaba da hannu biyu.

Kun san Allah, rigimar nan ta mutu murus. Yara tara suka yi layi. Ya naɗa ɗaya mai sayar da tikiti, aka yayyanka kwalin shayi, ɗaya mai sauya layi, ɗaya mai busa usur da baki, wata kuma aikinta ta tabbatar babu abin da ya faɗo kan dogo, don ɗazu wani ya ajiye cokalin shayi a kan layin ya haɗa ƙarafan biyu wuta ta ɗauke muka yi ta neman dalili. Wayoyi kuwa suna can kan kujera a zube ba wanda ya waiwaye su har bayan isha'i.

Daga nan hira ta ɓalle. Baffa ya fara kiran tashoshi yana nuna kusurwoyin katakon, nan Kaduna, nan Zariya, nan Kano, wannan ɗan reshen da ya ware kuma shi ne mai tafiya Funtuwa da Gusau har Ƙaura Namoda. Jirgi ya iso Kano a 1911, reshen Ƙaura Namoda aka gama a 1929, na Nguru a 1930, Maiduguri kuwa sai 1964, kuma duk don kaya aka shimfiɗa su, gyaɗa da auduga da fatu a kwashe a kai bakin teku. Ya ba su labarin ƙaramin jirgin da ke tashi daga Zariya ya hau dutsen Jos saboda kuza, wanda aka rufe a 1957, yace shi yana yaro ya gan shi. Ɗan Maraɗin nan yace to Baffa mu fa a ina za a sa mu, ai an ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi tun 2021, Baffa yace ɗauko kwalin ashana ka ajiye can bayan Kano, in layi ya iso ka sai mu ɗaura maka. Aka yi ta dariya.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne zamansa da Baturen nan. Turancin Baffa na mutanen da ne, a nutse, shi kuma dattijon kunnensa ɗaya baya ji sosai, amma suka jingina da tebur kai da kai kusan awa guda. Baffa yace masa injinan tururin da ya sani a Zariya a ƙasarku aka ƙera su, wasu ma sunayen koguna aka sa musu, gawayin kuma daga Inugu. Dattijon ya tambaye shi faɗin layin, Baffa bai ko yi tunani ba yace ƙafa uku da inci shida. Milimita 1,067 kenan, alhali na Ingila 1,435 ne, irin wanda aka yi wa sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Nan dattijon ya gaya min wani abu da ban sani ba, wai in ina so in yi jirgin Najeriya na da a kan wannan layin nawa na milimita 16.5, to in ƙera taragun a ragin sau 64, lissafin zai fito kusan daidai, haka masu wannan sha'awa suke yi a New Zealand don su ma faɗin layinsu kenan.

Dalar gyaɗa kuma 'yata ta tsakiya ce ta kawo shawarar. Bata taɓa ganin ko hotonta ba sai da na nuna mata a waya, buhuna a jere an tayar da su sama kamar dutse a gefen layin dogo a Kano. Ta tafi kicin ta dawo da gyaɗar miya a kofi tace Abba wannan ba zata yi buhu ba? Muka auna, ƙwaya ɗaya wajen milimita 13, a ragi sau 76 kusan mita ɗaya kenan, girman buhu sak. Kwana biyu suka yi da gam suna jerawa ita da Baffa, yana ce mata a'a fara da gindi mai faɗi, kowane hawa ki ja ciki kaɗan. Dala biyu suka tayar, ta uku bata kai ko'ina ba don auta tana bi tana cinyewa.

Kafin hutun ya ƙare mun hau jirgi na gaske zuwa York, bai kai rabin awa ba daga nan, muka shiga gidan tarihin jiragen ƙasa na ƙasa, shiga kyauta ne. A can Mallard yake, shuɗin injin tururin nan da yayi gudun mil 126 a awa a 1938 kuma har yau ba injin tururin da ya karya shi. Yara suna ta ɗaukar hoto a gabansa, Baffa kuwa ya zagaya gefe ya tsaya wajen ƙafafun da suka fi shi tsayi, ya ɗora tafin hannu a kan ƙarfen da ke kusa da shi ya daɗe a haka. Da muka fito yace min ƙamshin man nan ɗana, shi ne dai, bai canza ba.

Ga wanda yake sha'awar farawa, ba sai ka siyi sabo ba, na hannu ya wadatar in dai an gwada maka shi yana tafiya kafin ka biya, ni na siyi kai na biyu ta intanet ban gwada ba ya iso a mace, har yau yana cikin aljihun tebur. In akwai mai rarrafe a gida a ɗaga katakon sama don ƙananan abubuwan suna da saurin shiga baki. Akwai kuma tsarin zamani da ake kira DCC wanda ake sa wa kowane kai 'yar na'ura da lambarsa, sai ka tuƙa jirage da yawa a layi ɗaya kowa da gudunsa, dattijon ya nuna min nasa kuma ya burge ni, amma ni dai a yanzu na fi son akwati ɗaya da muciya ɗaya.

An yi wa Baffa aikin idon a sati na biyu na Janairu, alhamdulillahi ya yi kyau. Daren da aka cire masa bandeji na fito shan ruwa wajen ƙarfe 11 na tarar da shi shi kaɗai a falo, ya kunna jirgin yana tafiya a hankali can ƙasa-ƙasa, ga bayan kwalin katakon a cinyarsa yana zane da biro. Nace Baffa ba a kwanta ba? Yace zo ka gani. Tashar Zariya ce ya zana, layukan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, inda tankin ruwa yake, inda rumfar gyaran injuna take, da ɗan wurin da yake tsayawa da tutarsa, ya sa masa alama da ɗigo. Yace in za ku sake shimfiɗawa baɗi, ga yadda za ku yi, kuma ƙasar wajen ja ce, kar ka sa min wannan koren ciyawar tasu.